Mofar Kullum da Injin Daren Baƙi: Yadda Daɓen Ofisoshin Abuja Ke Tsufa da Wuri

Duk wanda ya taɓa aiki a babban gini a Abuja ya san irin wannan dare. An ce jibi minista zai zo, ko shugaban kamfani daga Legas, ko masu duba asibiti. Wajen ƙarfe tara sai ka ga bas ta tsaya a bakin get, samari sun sauko da injuna masu faifai, da jarkoki, da doguwar waya da za a ja har ɗakin janareta. Kafin kiran assalatu daɓen falon karɓar baƙi yana ɗaukar ido, har fitilun silin kana gani a cikinsa. Oga ya shigo da safe ya ce madalla. Bayan wata biyu, hanyar da ake bi daga ƙofa zuwa lif ta koma gidan jiya, gefe-gefe kuwa, inda ƙafa ba ta zuwa, yana nan da sheƙinsa kamar yana yi wa tsakiyar dariya.

Na yi shekaru ina kula da wani bene mai hawa huɗu a Wuse II, shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama. Na biya kuɗin irin wannan dare fiye da sau ɗaya kafin in fahimci abin da nake saya. Ayyuka biyu ne muke haɗawa a baki ɗaya mu ce "gyaran daɓe", alhali ba danginsu ɗaya ba. Akwai kulawar kullum: shara, goge ƙura, mofa, da ɗan bi da inji lokaci-lokaci. Akwai kuma babban gyara, wanda ake kankare tsohon folish gaba ɗaya a shafa sabo, ko a niƙe saman dutsen kansa har a kai ga sabuwar fuska. Na farkon yana hana daɓe rasa abin da yake da shi. Na biyun, duk kyan da zai fito da shi, sai ya ci wani abu daga jikin daɓen kafin ya bayar.

Abin da ke kashe daɓe ba yawan mutane ba ne, abin da ke manne a ƙasan takalmansu ne. Masana duwatsu suna da wani ma'aunin tauri daga 1 zuwa 10 da wani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya tsara a 1812. Lu'u-lu'u ne a 10. Ƙwayar yashi tana 7. Mabul, wanda muke kashe miliyoyi mu shimfiɗa a falo, yana wajen 3 ne kawai. Giranit yana tsakanin 6 da 7, shi ya sa yake da jimiri. Folish ɗin da ake shafawa a kan tayil ɗin roba ya fi dukkansu laushi. To ka auna mutum mai kilo 80 ya taka ƙwayar yashi guda, ya ɗan juya diddige a gaban teburin sakatariya. Takardar yashin kafinta ke nan, ba bambanci, sai dai ita wannan mutum ɗari biyar ne ke gurza ta kullum. Sheƙi kuwa ba komai ba ne illa santsin da ke mayar da haske a miƙe. Da zarar ƙananan karce sun yi yawa, haske ya watse, daɓe ya dusashe ko da an wanke shi tas.

Abuja kuma gari ne da yashi ba ya yanke masa. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta shiga ta kowace kafa. Daga Afrilu zuwa Oktoba jar ƙasa ce ke zama laka ta biyo takalma. A tsakaninsu akwai gine-ginen da ba sa ƙarewa, tifofi suna zubar da yashi a kan titi, ga garin dutse irin na kwarin fasa dutse na Mpape da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin intalok. Wannan garin dutsen ya fi kowa ɓarna a wurinmu. Farfajiyar ginin an yi mata intalok, garin yana fitowa ta tsakanin bulullukan, kowa ya tako shi ya shigo da shi. Na daɗe ina zargin masu goge-goge kafin in duba ƙasan takalmina.

Kafin a yi maganar wace hanya ta fi, sai an san wane irin daɓe ne a ƙasa, kuma a nan ne kuɗi suka fi salwanta. Akwai daɓen da sheƙinsa aro ne, wato riga ce aka sa masa: tayil ɗin roba na asibitoci da bankuna da makarantu, wanda ake shafa wa folish shafi-shafi. Akwai wanda sheƙinsa daga jikinsa ne: mabul, giranit, da terazo, wato siminti da aka cakuɗa da tsakuwar mabul aka niƙe, irin na tsofaffin gine-ginen gwamnati a Garki. Sai kuma tayil ɗin da kowa ke saye a Dei-Dei, mai ƙyallin gilashi a sama, wanda aka gasa masa sheƙinsa a masana'anta. Wannan na ukun, in gilashin samansa ya cinye, ya cinye ke nan. Babu injin da zai dawo da shi. Folish ma ba ya kama shi da kyau, domin tayil mai inganci kusan ba ya shan ruwa ko kaɗan, wanda ake kira fosilin ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari yake sha. Duk da haka na ga an karɓi kuɗi an shafa masa folish, ya yi mako uku yana ƙyalli, sannan ya fara saɓa kamar fatar maciji, datti ya maƙale a bakin kowace saɓa.

Gane su ba wuya. Je lungun da ba a gani, ka karce da bakin makulli: in wani abu fari-fari ya taso kamar kakin kyandir, akwai folish a kai. Ɗiga ruwan lemun tsami a wani lungun ka bar shi minti biyu ka goge: in wurin ya yi tabo ya dusashe, mabul ne ko terazo, kuma ka san tsami abokin gabarsa ne. Giranit ba ya kulawa.

Kulawar kullum ba daga mofa take farawa ba, daga bakin ƙofa take farawa. Shimfiɗar goge ƙafa ita ce abu mafi araha kuma mafi amfani a duk wannan harka, amma ba irin ɗan guntun nan mai rubutun maraba da mutum ke tsallakewa ba. Sai mai tsawon da kowace ƙafa za ta taka shi sau biyu ko uku. Ma'aunin gine-gine na LEED da ake bi a Amurka da wasu ƙasashe yana neman aƙalla mita 3 a kowace babbar ƙofa. Mai kaushi a waje don ya kankare laka, mai laushi a ciki don ya tsotse damshi, kuma a riƙa zuƙe masa ƙura, in ba haka ba shi kansa ya zama rumbun yashi.

Bayan shi sai busasshiyar shara kafin a kawo ruwa. Wannan ƙa'ida ce da ake karyawa kusan ko'ina. A zuba jiƙaƙƙiyar mofa a kan ƙurar hunturu, me aka yi? An kwaɓa laka an shafe daɓe da ita, ta bushe ta zama hazo a kai, ragowar kuma ta gangara cikin layukan simintin da ke tsakanin tayil ta mai da su baƙi. Tsintsiyar kwakwa ma ba ta dace da ofis ba, tayar da ƙurar take yi ta sauka bayan an tafi. Faffaɗar mofar ƙura, busasshiya, ita ce ta aikin.

Wata safiya da wuri na hau hawa na uku na tarar da dattijuwar da ke mana goge-goge tana tsoma mofa a bokitin da ruwansa ya yi kalar kunun kanwa. Raina ya ɓaci.

Na ce, "Haba Mama, da wannan ruwan kike goge ofishin mutane?"

Ta jingina mofar da bango, ta dube ni, ba ta ko ɗaga murya ba. "Yallaɓai, famfon hawan nan tun kafin azumi ya mutu. Na faɗa sau uku. In zan canza ruwa sai na sauka har ƙasa, kuma an ce mu masu bokiti kada mu shiga lif. Gwiwar nan sau nawa za ta hau?"

Na rasa abin cewa. A watan da ya gabata na sa hannu an biya kamfanin da ya zo da inji ya kwana yana gyara wannan hawan, famfon da kuɗin gyaransa bai kai na jarkar folish ɗaya ba yana nan a mace. Bokitinta ɗaya, mofarta ɗaya, da ita take goge baranda, da ita take goge bakin banɗaki. Da aka gyara famfon, aka saya mata bokiti mai gida biyu da abin matsewa, ɗaya na ruwan sabulu ɗaya na ɗauraya, da kawunan mofa uku da za ta riƙa wankewa tana shanyawa, hawan nan ya canza a cikin wata guda ba tare da wani inji ya hau ba.

Sai maganar abin da ake zubawa a ruwan, wadda ita kaɗai ta isa fashin baƙi. Mu a nan tsabta ƙamshi ce da kumfa. A zuba Omo, a ƙara Hypo, a ɗiga Izal, in wuri ya gauraye da wari sai hankali ya kwanta. Garin sabulun wanki an yi shi ne don tufafin da za a ɗauraye sau biyu ko uku. A daɓe ba a ɗaurayewa, don haka yana barin danƙo wanda ke kama ƙura, kuma ƙarfinsa irin na kanwa ne, yana cin folish sannu a hankali. Abin da folish da mabul ke so shi ne sabulun ruwa mai tsaka-tsaki, wanda ke kusa da 7 a ma'aunin pH, wato ma'aunin ƙarfin tsami ko kanwa a ruwa, a auna shi yadda aka rubuta a jikin jarka. Yawan zubawa ba ya ƙara tsabta, danƙo yake ƙarawa.

Wanda ya fi haɗari shi ne asid. Masu wankin gida bayan an gama gini sun saba da shi don cire busasshen siminti a kan tayil, daga nan ya shigo ofisoshi. Ruwan wankin masai ma yawanci asid ne. Mabul da terazo sinadarin alli ne a jikinsu, asid narka shi yake yi nan take. Ɗigo ɗaya ya isa ya bar farin tabo da babu sabulun da zai fitar, domin ba datti ba ne, ƙuna ce. Ko a tayil ma yana cinye simintin tsakani har ruwa ya riƙa shiga ƙarƙashi, bayan shekara ka ji tayil yana ƙara kamar ganga in an taka. Kuma kowane mai goge-goge ya kamata a zaunar da shi a faɗa masa: Hypo da asid ba sa haɗuwa a bokiti ɗaya. Iskar kulorin suke fitarwa, a rufaffen banɗaki tana iya kwantar da mutum.

Yanzu mu shiga babban gyara, mu ga abin da samarin nan ke yi a daren baƙi.

In tayil ɗin roba ne, aikin shi ne tuɓe masa tsohuwar riga. Ana kwashe kujeru da tebura, a malala wani sinadari mai ƙarfi da suke kira sitirifa, a bar shi minti biyar zuwa goma ya narka folish. Wannan ruwa ya fi kanwa zafi nesa ba kusa ba, yana ƙona fata, kuma a wannan lokacin daɓen ya fi kuɓewa santsi. Sai a bi da inji mai juyi 175 a minti, an sa masa baƙin faifai. Launin faifan ba ado ba ne: baƙi na kankara ne, kore ko shuɗi na cuɗa, ja na gogewar yau da kullum, fari na fito da sheƙi. A tsotse dagwalon kafin ya bushe, a bi gefen bango da kusurwoyi da hannu, a ɗauraye sau biyu ko fiye har ƙarfin sinadarin ya mutu. Sannan a fara shafa sabon folish siriri-siriri, shafi huɗu zuwa shida, kowanne a jira ya bushe, wajen minti 30 zuwa 45, da damina fiye da haka.

Yi lissafi da kanka. A ce falo da baranda sun kai murabba'in mita 500. Lita ɗaya ta folish takan rufe kusan murabba'in mita 50 a shafi ɗaya. Shafi biyar ke nan lita 50. Jiran bushewa kaɗai ya kusa awa uku zuwa huɗu, ban da kankara da ɗauraya da ɗaukar kaya. Ba aikin dare ɗaya ba ne ga mutum huɗu da inji guda, in dai za a yi shi yadda ya kamata. To tunda an ce gobe baƙo zai zo, ina ake rage lokacin? A ɗauraya da jira. Ana barin ragowar sitirifa a ƙasa, sabon folish ya hau kai ya ƙi kamawa. Ana lafta shafi biyu masu kauri a maimakon biyar sirara, sama ta bushe ƙasa na ɗanye, ƙafar kujera ta farko ta bar shaida. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu kusan duk gorar Abuja ranar ake fafe ta.

Ko an yi shi daidai, tayil ɗin roba ba ya son yawan tuɓewa. Ruwa mai yawa yana bi ta tsakanin tayil ya jiƙa gam ɗin da ke ƙasa, kusurwoyi su fara ɗagowa, fuskar robar ta yi kaushi ta riƙa shan folish fiye da da. Akwai kuma abin lura a tsofaffin gine-gine: tayil ɗin roba na shekarun 1970 da kafin nan sau da yawa akwai asbesto a cikinsa, wanda ƙurarsa ke jawo cutar huhu. A Amurka dokar kare ma'aikata ta hana a goge irinsa a bushe da takardar yashi, ta ce a kankare shi a jiƙe, da faifai mara kaifi, injin kuma kada ya kai juyi 300 a minti. Mai tsohon gini ya yi tambaya kafin a ɗora inji.

In mabul ne ko terazo, labarin ya sha bamban, domin babu rigar da za a tuɓe. Dutsen ake niƙewa. Ana amfani da faifai masu ƙwayoyin lu'u-lu'u, ana zuba ruwa, a fara da mai kaushi, lamba 50 ko 100, a hau 200, 400, 800, 1500 har 3000. Kowace lamba aikinta ta share karcen da ta gabanta ta bari. Mai gaggawa in ya tsallake lamba biyu, sheƙin zai fito, amma da rana ta hasko ta taga za ka ga zagaye-zagayen injin a ƙarƙashinsa. In an yi shi da kyau kuwa abin mamaki ne. Na ga terazon da ya shekara talatin ana takawa, ya yi baƙi ƙirin, aka niƙe shi sai ga tsakuwa fara da kore da ja sun fito kamar jiya aka zuba. Ni dai a ra'ayina babu daɓen da ya kai terazo dacewa da ginin jama'a a ƙasar nan, kuma abin takaici ne yadda ake fasa shi a shimfiɗa tayil mai santsi don kawai a ce an zamanantar. Sai dai shi ma kaurin samansa bai wuce santimita ɗaya da 'yan kai ba. Kowace niƙa tana rage shi. Ba asusun da ake cira kullum ba a zubawa ba ne.

Akwai wata gajeriyar hanya da ta yi kasuwa a otal-otal da bankuna, wadda ake fesa wani ruwa mai asid a kan mabul a bi shi da audugar ƙarfe a ƙasan inji. Zafi da sinadarin suna canza siririn saman dutsen ya yi tauri ya yi ƙyalli kamar madubi, cikin awa kaɗan. Tana da amfani a hannun wanda ya sani, amma ba ta cire karce, lulluɓe shi take yi da sheƙi. Masu aikin dutse da yawa suna kuka da ita cewa in aka maimaita ta kullum mabul yakan yi rawaya-rawaya, ga burbushin ƙarfen da ke maƙalewa a layuka ya yi tsatsa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne a yi wannan a rubuta a takardar biya cewa an yi niƙa.

Tsakanin mofar Mama da injin daren baƙi akwai wata hanya ta uku, kuma ita ce mafi yawan manajoji ba su san da ita ba, 'yan kwangila kuma ba sa son ambatonta. Datti da karce ba sa ratsa folish har ƙasa, a shafi ɗaya ko biyu na sama suke tsayawa. Saboda haka ba dole a tuɓe duka ba. Ana cuɗa saman da shuɗin faifai da sabulu mai sauƙi, a ɗauke abin da ya lalace, a ɗauraye, a ƙara shafi biyu. A falon da muka lissafa ɗazu lita 20 ke nan a maimakon 50, babu sitirifa, babu ƙuna a hannun samarin. Ba ma dole a bi ko'ina ba, hanyar da ƙafa ke bi kawai za a ƙara wa, a bar gefen bango inda folish ke taruwa ya yi kauri ya yi rawaya. In aka haɗa da injin gogewa mai gudu, irin mai juyi 1500 ko fiye, sau ɗaya ko biyu a mako, tuɓewar da ake yi duk wata shida tana iya komawa duk shekara biyu. Mabul ma haka: bi da faifan lamba 1500 ko 3000 lokaci-lokaci a hanyar ƙafa yana nisanta ranar babbar niƙa. Sheƙin da kake gani a manyan otal-otal na Maitama ba na wani gagarumin aiki ba ne, na mutum ɗaya ne da injinsa da ke zagawa ƙarfe biyu na dare kullum kana barci. Sharaɗin wannan hanya ɗaya ne: a yi ta tun folish bai huje ba. Da zarar ƙafa ta kai ga robar kanta datti ya shige ta, lokacin ya wuce.

To me ya sa muka fi son babban gyara? Ba don jahilci ba ne kawai. Babban gyara kwangila ce. Yana da takarda, yana da hoton kafin da na bayan, yana da wanda ya kawo da wanda ya amince. A ma'aikatun gwamnati yana iya shiga ƙarƙashin manyan ayyuka da sunan kwaskwarima, su kuwa kan mofa da sabulu da gyaran famfo suna cikin kuɗin gudanarwa, wanda shi ake fara matsewa in kuɗi sun yi ƙasa. Babu shugaban da aka taɓa yaba wa don daɓen ofishinsa bai lalace ba. A Afrilun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Umarnin Zartarwa mai lamba 11 kan kula da gine-ginen gwamnati, wanda manufarsa ke nan, a mai da kulawa aiki mai tsari da ofishinsa a kowace ma'aikata. Umarni dai yana iya kafa sashe, amma ba shi zai hau hawa na uku ya duba ruwan bokiti ba.

Su ma masu goge-gogen yawanci ba ma'aikatan ginin ba ne, na kamfanin da aka ba kwangilar shara ne, kuma kamfanin da ya fi rage farashi aka ba. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a Yulin 2024, amma wanda ke tasowa daga Mararaba ko Nyanya ko Suleja da asuba ya san abin da kuɗin mota ke ci a ciki tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023. Ba sa daɗewa. Wanda ka koya wa bambancin mabul da tayil yau, bayan wata uku wani ne a wurinsa, riƙe da kwalbar wankin masai a gaban matakalar mabul.

Abin da ya canza lissafin a 'yan shekarun nan shi ne kayan babban gyara kusan duk daga waje suke: folish, sitirifa, faifan lu'u-lu'u, kayan gyaran injin. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 farashinsu ya bi dala. Injin niƙa kuma yana shan wuta, ko dai dizal a janareta ko wutar layin Band A, wato rukunin masu samun wuta mafi yawan sa'o'i, da aka ɗaga zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024. Ruwa da kan mofa da shimfiɗar ƙofa ba su tashi haka ba. Wanda a da yake iya sakaci ya biya inji sau biyu a shekara, yanzu sakacin ya yi masa tsada.

Kada a ɗauka ina cewa a daina babban gyara. Akwai inda babu makawa. In folish ya yi rawaya ya tattara datti a cikinsa, in ya huje a hanya, in mabul ya ƙone da asid, in bakin wani falle ya fi na kusa da shi tudu har yana tuntuɓe da mutane, in ka karɓi ginin da aka yi shekaru ba a kula ba, to mofa ba ta da abin yi a nan, ko za a kwana ana goga. Sai a yi gyaran sau ɗaya, a yi shi da kyau, a ranakun hutu, a ba shi lokacinsa. A sa ɗan kwangila ya gwada a murabba'in mita biyu tukuna a gani da rana, ba da hasken fitila ba. A tambaye shi shafi nawa zai yi, lambobin faifai nawa zai bi, kuma da wane sabulu za a riƙa gogewa bayan ya tafi. Wanda ya yi inda-inda a tambaya ta ƙarshe, yana shirin dawowa ne nan da wata shida. A kuma tuna sheƙi ba shi ne aminci ba: a asibiti ko wurin da tsofaffi ke shiga, daɓe mai ɗan dishi-dishi da ƙafa ke kamawa ya fi madubin da ruwan sama zai mayar tarko.

Lokacin yi ma yana da nasa. A tsakiyar damina folish ba ya bushewa da wuri, yakan yi gizo-gizo. A tsakiyar hunturu yana bushewa da sauri har mofar shafawa tana barin layi, ƙura kuma tana sauka a kai tun yana ɗanye ta zauna har abada. Na fi son ƙarshen Oktoba, ruwa ya ɗauke hazo bai sauko ba, a rufe tagogi a kunna na'urar sanyaya ɗaki. Haka muka yi a karo na ƙarshe, muka kwana biyu, Asabar da Lahadi, na kuma sayi doguwar shimfiɗa mita huɗu na sa a babbar ƙofa. Ta yi wata biyar a wurin. Ranar da mai ginin ya zo da baƙi daga Kano, ya tsaya a bakin ƙofa ya dube ta, ya ce da maigadi, "Malam, naɗe wannan abin, yana rufe mana mabul." Aka kai ta sito.